Wayar sitiyarin jirgi mai filafilai ta tsinke: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi sun shafi jirgin ruwa mai tafiya da iska wanda ake tuƙa shi da sitiyari, ba wanda ake riƙe sanda kai tsaye ba. Yawancin irin waɗannan jirage sarƙa da waya ne ke kai juyin sitiyari zuwa allon tuƙi da ke ƙarƙashin ruwa, kuma kamfanoni irin su Edson na Amurka da Lewmar na Ingila da Jefa na Denmark duk sun yi irin wannan tsari. Bambancinsu kaɗan ne, aikin gyaran kusan ɗaya ne.

Wai ina wannan wayar take, ni da ban taɓa ganinta ba?

A ɓoye take, shi ya sa ake mantawa da ita. Sitiyari yana kan turke, a cikin turken akwai faifai mai haƙora wanda gajeriyar sarƙa ta hau kansa, kamar dai sarƙar keke. Kowane bakin sarƙar an haɗa shi da waya. Wayoyin biyu su sauka ta cikin turken, su bi ta kan fuli (ɗan gargare mai kwari da waya ke bi ta kansa) guda biyu da ke ƙarƙashin daɓen da matuƙi ke tsayawa, daga nan su miƙe zuwa kwadaran. Kwadaran ƙarfe ne mai siffar yankin da'ira, wani jirgin ma cikakken faifai ne, an ɗaure shi a jikin ginshiƙin allon tuƙi. A gefensa akwai kwari biyu inda wayoyin ke kwanciya. Ka juya sitiyari, waya ɗaya ta ja, ɗayar ta saki, ginshiƙi ya juya, allo ya bi.

Abin lura shi ne waya ja kawai ta iya, ba ta iya turawa. Ɗaya ta tsinke, ɗayar ta rasa abokin ja, sai ta yi sako-sako ta fita daga kwarinta. Shi ya sa tsinkewar waya guda ke kashe tuƙin gaba ɗaya.

Sitiyari yana juyawa fayau a hannuna, jirgi ba ya amsawa. Me zan fara yi?

Kada ka fara da neman sifana. Ka fara da jirgin. Sassauta babban filafili don ya zubar da iska, ka duba abin da ke kusa da kai: gaɓa, duwatsu, wani jirgi. Idan ruwan ba shi da zurfi kuma iska na tura ka wajen gaɓa, jefa anka, ka sami lokacin tunani.

Sannan sandar gaggawa. A saman ginshiƙin allo akwai marfi a daɓe, ka kwance shi, ka zura bakin sandar a kan ginshiƙin, ka dawo da tuƙi a hannunka. A nan ne ake gane wanda ya taɓa gwada sandarsa da wanda bai taɓa ba. Marfin yakan cije saboda gishiri, makullinsa yakan ɓace, sandar kanta takan kasance can ƙasan rumbu an danne ta da igiyoyi da bokitai. Wata sandar ma gajeriya ce don kada ta bugi turken sitiyari, ga nauyi, mutum ɗaya ba ya daɗewa da ita. Idan haka ne, ɗaura igiya biyu a bakinta, ka kai kowace ga winci na gefe, wato gangar da ake naɗa igiyar filafili a ja ta, ka riƙa tuƙi da su. Rage filafilai sosai yana rage nauyin da ke kan allo, kuma a wannan hali gudu ba shi ne damuwarka ba.

A ganina, sandar gaggawa da aka gwada tun jirgi na ɗaure a tasha ta fi kowace sabuwar waya da ke cikin akwatin kayan aiki amfani.

Na'urar tuƙi mai sarrafa kanta za ta iya riƙe jirgin?

Ya danganta da inda aka maƙala ta. Wadda ke ƙasan daɓe, mai hannunta a jikin ginshiƙin allo ko a kwadaran, ba ruwanta da waya, kunna ta kawai ta ci gaba da tuƙi. Amma ka fara leƙawa ka tabbatar guntun waya ko sarƙa bai maƙale inda zai hana kwadaran motsi ba. Wadda kuwa aka ɗora a jikin sitiyari tana juya shi da bel, ta mutu tare da wayar.

Sai na kira neman taimako?

Idan ka dawo da tuƙi da sanda kuma kana da sarari, ba dole ba. Idan kana cikin hanyar manyan jirage ko iska na kai ka ga duwatsu, kira a tasha ta 16 ta rediyon VHF, wato rediyon sadarwa na jiragen ruwa. Kiran Pan-Pan shi ne na gaggawar da ba ta kai ga barazanar rai nan take ba, Mayday kuwa sai rai ko jirgi na cikin babban haɗari. Dokokin kauce wa karo a teku na 1972 sun ce jirgin da ya kasa sarrafa kansa ya nuna baƙaƙen ƙwallaye biyu da rana, jajayen fitilu biyu ɗaya bisa ɗaya da dare, sai dai ba su wajabta wa jirgin da bai kai mita 12 ba.

Ta yaya zan tabbatar wayar ce ta tsinke?

Sai ka shiga da tocila ka gani, domin sau da yawa ba tsinkewa ba ce. Waya ta yi sako-sako ta zame daga fuli. Kilam, wato ɗan ƙarfen da ke matse bakin waya, ya saki, bakin wayar ya zare lafiya lau babu ko sili ɗaya da ya karye. Mahaɗin sarƙa ya ɓalle a cikin turke. Farantin da ke riƙe da fuli ya ci tsatsa har ya tsage, kuma wannan yana faruwa a tsofaffin jirage inda ruwa ke ɗiga ta gindin turke shekara da shekaru. Ko kuma kwadaran ne ke juyawa shi kaɗai a jikin ginshiƙi saboda ɗan ƙarfen da ke kulle su ya karye.

Ka sa wani ya juya sitiyari a hankali kana kallo. Idan kwadaran na motsi amma ginshiƙi na tsaye, laifin ba na waya ba ne. Idan kuma sandar gaggawa ma tana juyawa ba nauyi kuma jirgi ba ya amsawa, to matsalar tana ƙarƙashin ruwa, a allon kansa, wannan kuwa wani babi ne daban.

Za a iya gyaran a tsakiyar teku?

Ana iyawa, amma sai an tsayar da allon tukuna. Wannan shi ne wurin da mutane ke jin ciwo. Kana kwance a gefe ɗaya a cikin matsattsen rumbu, tocila a goshi, kafaɗa a jikin tankin mai, fuskarka ba ta fi taki ɗaya daga kwadaran ba. Taguwa ta bugi allon daga ƙasa, kwadaran ya wulwula ya daki matsayarsa da ƙarfi. Duk yatsan da ke tsakani ya tafi.

Don haka ka tsayar da jirgin a iska: filafilin gaba ka bar shi ɗaure a gefen da iska ke fitowa, babban filafili ka rage shi, allo kuma ka karkata shi yadda yake neman juya goshin jirgi cikin iska. Jirgin zai lafa, ya riƙa zamewa a hankali. Ka ɗaure sandar gaggawa ta ɓangarori biyu tamau yadda ba za ta motsa ba. Ka kashe na'urar tuƙi daga makunninta na wuta, ba a dannawar jiran aiki kaɗai ba. Sannan ka gaya wa na sama kada kowa ya taɓa sitiyari sai ka yi magana.

Idan tasha na kusa kuma sanda na aiki, shawarata ka ƙarasa da sandar, ka yi gyaran a ruwa mai kwanciya.

Zan iya haɗa wayar a inda ta tsinke?

A matsayin gyaran wucin gadi, i, in akwai sarari. Ka sami guntuwar waya mai kauri ɗaya, ka jera ta da bakunan biyu, ka matse kowane ɓangare da kilam biyu ko uku. Sharaɗin shi ne mahaɗin ya kasance a miƙaƙƙen wuri wanda ba zai kai ga fuli ko kwarin kwadaran ba, ko da an juya sitiyari har ƙarshe ta kowane gefe. Abin takaici, waya ba ta cika tsinkewa a miƙaƙƙen wuri ba. Tana tsinkewa ne a kan fuli inda take lanƙwasa, ko a gindin mahaɗi, wato daidai inda kilam ba zai zauna ba.

Idan a kusa da bakinta na kwadaran ta tsinke, duba ko akwai rarar waya da za ka ja ka sake yin ido, wato ka lanƙwaso bakin wayar ya zama zobe. Wani lokaci wanda ya saka ta ya bar jela mai tsawo, sai ta cece ka.

To igiya fa? Na ji ana sa Dyneema a madadin waya.

Ana sawa, kuma don fitar da kai daga matsala ta fi haɗin kilam sauƙi. Igiyar Dyneema, wato igiyar zaren roba mai ƙarfin gaske, idan kaurinta ɗaya da wayar ba ta gaza ta ƙarfi ba, ba ta cika miƙewa ba, tana bin fuli lafiya. Aibinta santsi: ƙulli na yau da kullum yana zamewa a jikinta kuma yana rage mata ƙarfi sosai, don haka saƙa ido ake yi, a zura jelar cikin cikinta da tsawo. Sannan ba ta son kaifi. Fulin da tsohuwar waya ta ci ta bar masa zane-zane zai gurje ta, sai ka goge kwarin da takardar yashi tukuna. Bayan ta ɗauki nauyi saƙar za ta zauna ta yi sako-sako, ka sake ɗaurewa.

Igiyar filafili ta yau da kullum ma za ta kai ka tasha idan babu wata, sai dai tana miƙewa, za ka ji sitiyari kamar ba ya jin magana.

Wace irin waya zan nema?

Wayar ƙarfe mara tsatsa mai tufka 7x19, wato tufka 7 kowace da siraran wayoyi 19, jimla 133. Yawan siraran nan shi ke ba ta laushin bin fuli. Kada ka yarda da 1x19, wadda ake ɗaure jigon filafilai da ita. Tana da ƙarfi amma a sandare take, ka lanƙwasa ta a kan fuli ba za ta daɗe ba.

Kauri kuwa ka auna tsohuwar. A matsakaitan jirage yawanci milimita 5 ce ko 6, a ma'aunin Amurka inci 3/16 ko 1/4. Kada ka ƙara kauri da tunanin ƙara ƙarfi. Wayar milimita 5 tana ɗaukar fiye da tan ɗaya kafin ta tsinke, ba ƙarfi ta rasa ba. Mai kauri ba za ta zauna daidai a kwarin fuli ba, kuma ƙaramin fuli zai fi gajiyar da ita. Abin da aka saba shi ne faɗin fuli ya kai kusan ninki 20 na kaurin waya. Tsawo kuma ka ƙara rara, yankewa ta fi ƙarawa sauƙi.

Ɗaya ce ta tsinke. Sai na canja duka biyun?

Canja duka. Rana ɗaya aka sa su, aiki ɗaya suka yi.

Yaya ake saka sabuwar?

Kafin ka kwance komai, ɗauki hoto da wayar hannu: yadda wayoyin suka sauko daga turke, ko sun gicciye juna ko ba su gicciye ba, wace ke kwarin sama na kwadaran, wace ke na ƙasa. Ko da ɗaya ta tsinke, wadda ta rage za ta nuna maka hanyar.

Daga sama, cire kamfas da ke kan turke, amma ka yi alama da salatif yadda zai koma daidai inda yake. Wani turken sai ka cire hannayen giya da na mai ma kafin ka ga sarƙa. Toshe ramin turken da tsumma yayin da kake kwance ƙananan kusoshi, don duk abin da ya faɗa ciki sai ka neme shi a ƙasan jirgi. Daga ƙasa, kwance wayoyin daga kwadaran, ka ɗaura siririyar igiya a bakin kowace. Ja sarƙar sama, wayoyin su biyo ta, igiyoyin su maye gurbinsu a hanya. Su ne za su ja maka sababbin wayoyin zuwa ƙasa ba tare da ka yi lalube ba.

Shimfiɗa sarƙar ka duba ta haɗi-haɗi. Haɗin da ya cije, ko tsaga a gefen faranti, ko jan ruwan tsatsa da ke fitowa daga tsakani, duk alamar a canja ta ne. Nemo haɗin da ke tsakiyarta ka ɗaura masa zare mai launi. Haɗa sababbin wayoyin da bakunan sarƙa, kowane ido da zoben ƙarfe a cikinsa don kada wayar ta karye a lanƙwasa. Idan matsewa za a yi da ɗan gajeren bututun ƙarfe da ake zura wayar ciki, na jan ƙarfe ake sa wa waya mara tsatsa, ba na alminiyam ba, domin ruwan gishiri yana cinye alminiyam idan ya haɗu da ita. Ka tabbatar an buɗe ƙafafun kowace ƙusa mai tsaga.

Yanzu daidaita allon a tsakiya ka ɗaure shi. Ɗora sarƙa yadda haɗin mai zare ke saman faifan haƙora, ka kulle birkin sitiyari. Wannan daidaitawa ba ado ba ce. Idan sarƙa ta karkata gefe ɗaya, mahaɗinta da waya zai hau kan haƙora kafin kwadaran ya kai matsayarsa, kuma ranar da hakan ta faru da ƙarfi wani abu zai karye. Ja wayoyin ƙasa, bi da su ta fuli, kwantar da kowace a kwarinta, ka kai ta ga boltin nan mai ido wanda ake ɗaure ta da shi. Sassauta boltin har kusan ƙarshe kafin ka matse wayar, don ka bar wa kanka zaren da za ka ja daga baya.

Wajen yanka rarar, naɗe wurin da salatif ka yanka ta tsakiyarsa, in ba haka ba tufkar za ta warware. Bar jela kamar tsawon tafin hannu.

Akwai yadda ake ɗora kilam, ko duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma a nan gyare-gyare da yawa ke lalacewa. Kilam yana da ɓangare biyu: lanƙwasasshen bolti mai siffar U, da faffaɗan gindi mai kwari. Gindin yana zama a kan wayar da ke ɗauke da nauyi, lanƙwasar U tana kan jela. Ka juya shi baibai, U ɗin zai murƙushe wayar da ke aiki. Duka kilaman su fuskanci gefe ɗaya, kada a saɓa su. Biyu shi ne mafi ƙaranci, uku in da wuri, tazararsu kamar ninki 6 na kaurin waya, na farko dab da zoben. Matse notocin biyu bi da bi, kaɗan nan kaɗan can.

Ko an yi shi daidai, idon kilam yana riƙe kusan kashi 80 cikin 100 ne na ƙarfin wayar. Kuma waya tana ɗan sirancewa idan ta ɗauki nauyi, sai ka koma ka ƙara matse notocin bayan fitar farko.

Wane irin tauri ya kamata wayar ta yi?

Ja boltocin biyu daidai wa daida, juyi ɗaya nan juyi ɗaya can, don kada tsakiya ta gusa. Kulle birkin sitiyari, ka kama kwadaran da hannu ka gwada motsa shi. Idan yana wasa, da saura. Idan ya daina, ya isa. Saki birki ka juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe: ya kamata ya tafi sumul ba gurnani. Mutane sun fi yin kuskure ta wajen wuce gona da iri, su ɗaure har sitiyari ya yi nauyi, fuli na kuka, ba a jin motsin ruwa a hannu. Wannan yana cin fuli da waya tare. Gwajin ƙarshe shi ne wani ya danna sitiyari da ƙarfi a matsaya kana kallon wayar da ta saki. Ta ɗan yi laushi ba laifi, amma kada ta yi lilo har ta nemi fita daga kwari. Sannan ka kulle kowane bolti da noti na biyu.

Na gama, amma na juya dama jirgi ya yi hagu.

Gicciyewar ce. Wasu jirage wayoyinsu na gicciye a cikin turke, wasu a miƙe suke sauka, gwargwadon inda kwadaran ya fuskanta. Kwance, musanya su, sake ɗaurewa. Kuma kada ka bari sai ka bar tasha ka gano haka. Tun jirgi na ɗaure, sa sandar gaggawa: idan gaba take fuskanta, juya sitiyari dama zai kai bakinta hagu. Inda wayoyin suka gicciye, leƙa ka tabbatar ba sa gugar juna.

Me ya tsinka ta tun farko?

Wannan tambayar ta fi ta yadda ake sakawa muhimmanci, don idan ba ka amsa ta ba sabuwar ma hanyar za ta bi. Dubi bakin da ya tsinke. Silin da suka karye ɗaya bayan ɗaya a daidai fuli, gajiya ce ta lanƙwasa, ko fulin ya yi ƙanƙanta, ko ya cije ya daina juyawa waya na gurzar sa. Garin ƙarfe mai ƙyalli a ƙarƙashin fuli yana nufin bai daidaita da kwarin kwadaran ba, wayar na hawa gefe. Baƙi ko ja a cikin mahaɗi, tsatsa ce: ƙarfe mara tsatsa ma yana ruɓewa a lungun da ruwan gishiri ya kwanta iska ba ta shiga.

Akwai kuma laifin matuƙi. Jirgi na tafiya da baya da inji, a saki sitiyari, ruwa ya fizge allon ya buga shi a matsaya. Bugu irin wannan yana ɗora wa waya nauyin da tuƙin yini guda bai ɗora mata ba.

Sarƙar babur za ta yi, tunda haƙoran sun yi daidai?

Don ka kai tasha, za ta yi. Don zama, a'a. Baƙin ƙarfe ce, gishiri zai cinye ta, kuma kamfas yana zaune a samanta kai tsaye, za ta karkatar da allurarsa. Sarƙar sitiyari da gangan ake yin ta da ƙarfen da ba ya jan maganaɗisu.

Yaya zan gane tana gab da tsinkewa?

Da tsumma da ɗan man inji. Jiƙa tsumman, ka riƙe wayar da shi, wani na juya sitiyari a hankali. Inda tsumman ya kama ya bar zare, sili ya karye ya miƙe. Kada ka yi wannan da hannu tsirara, silin yana shiga nama. Sili ɗaya ya isa dalilin canja waya, don waɗanda ke ciki ba ka ganinsu. Aikin nan yana shafa mata mai a lokaci guda. Sarƙa da ƙusoshin fuli su ma mai suke so, ba giris mai kauri da ke tara ƙura da gishiri ba. A yi haka aƙalla sau ɗaya a shekara, da kuma kafin kowace doguwar tafiya.

Nawa jirgin wayar a cikin bututu take, ba na ganin fuli.

Iri biyu ne. Akwai mai wayoyi biyu da ke bi ta cikin bututu mai lanƙwasa a madadin fuli. Shi ana zare wayar a sa sabuwa da giris irin wanda kamfanin ya ce, amma idan wayar ta ci cikin bututun ko ruwa ya kwanta a lanƙwasarsa ta ƙasa, har bututun ake canjawa. Akwai kuma mai kebul guda mai turawa da ja, wanda aka fi gani a ƙananan jirage. Wannan ba a gyara shi, ba a haɗa shi, sabo ake sawa dungurungum. Tsawonsa yawanci yana rubuce a jikin rigarsa kusa da baki ɗaya. Idan rubutun ya goge, cire tsohon ka auna shi, kuma wajen shimfiɗa sabon ka guji lanƙwasa mai tsanani, ita ce ke sa sitiyari tauri tun ranar farko.